Gidan Taliya Na Unguwa: Magidanci Na Cin Waje, Ƙasa Ma Na Cin Waje

Duk wanda ya ratsa ta cikin Garki, ko Wuse, ko Kubwa, tsakanin sallar Magariba da ta Lisha, zai ga wani abu wanda in da an ba dattawan da labarinsa sai su ce zuƙi ta malle ce. Zai ga shago mai ƙofa biyu, an jera tebura da kujerun roba tun daga cikinsa har bakin kwalta, janareto yana ruri a gefe guda, ƙamshin albasa da attarugu ya cika layin. A kan kujerun nan kuwa ga magidanta, har da masu furfura, wasu da babbar riga wasu da kwat, kowa ya tura hularsa baya ya sunkuya a kan faranti yana fama da cokali mai yatsu. Abin da ke cikin farantin nan taliya ce.

Kusan kowace unguwa a Birnin Tarayya tana da irin wannan gida guda ɗaya wanda ya yi suna, wanda in aka ce a haɗu a gidan taliya ba sai an tsaya kwatance ba. Galibi mai gidan mace ce mai matsakaicin shekaru, wadda wasu ke kira Hajiya, wasu Madam, gwargwadon inda mutum ya fito. Tun da hantsi yaranta sun dawo daga kasuwa da tumatir da tattasai da albasa, an wanke an kai markaɗe. Ita kuwa taliyar an riga an dafa ta rabin dahuwa, an tsane ta a matsami, an shafa mata ɗan mai don kada ta manne. Da mai saye ya zauna ya faɗi yadda yake so, sai a ɗebo a jefa cikin kasko mai zafi tare da karas da kabeji da koren tattasai, a juya, kafin ya gama wanke hannu da amsa gaisuwa an ajiye masa tana tururi.

Akwai dafa-duka, wadda 'yan boko ke kira jalof. Akwai fara da miya. Akwai kuma taliya da wake da mai da yaji, wadda mutanen Kano da Katsina ba su iya ganinta su wuce. Abin da aka ɗora a kan taliyar shi ne ke nuna nauyin aljihun mai ita: wani dafaffen ƙwai, wani yankin kifi, wani cinyar kaza, wani fiffiken talotalo. Mai gidan ta san kwanan wata ba tare da ta dubi kalanda ba, domin a makon da albashi ya shiga kaji ba su kai ƙarfe tara, amma in aka yi nisa sai ƙwai ya yi kasuwa. Takan dubi tsohon mai sayenta ta ce, "Ranka ya daɗe, yau ba kaza?" Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, wata ya yi nisa, a dai ƙara yaji."

Wani abin lura kuma shi ne irin mutanen da tebur ɗaya ke tarawa. Ga akawun ma'aikatar gwamnati, ga direban tasi, ga ɗan sanda ya tashi daga aiki, ga 'yan bautar ƙasa da kakinsu, ga ma'aikaciyar asibiti tana jiran a ƙulle mata nata ta tafi da shi. Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe da Tibi duk suna nan. Dalili kuwa shi ne, tuwo da miyar kuka suna da masu su, amala tana da nata, sakwara da teba ma haka, kowa yana da abincin da in aka ajiye wa wani sai ya yi jim kafin ya sa hannu. Amma taliya ba wata ƙabila a ƙasar nan da ke taƙama ita ce ta gaje ta, saboda haka ba wanda ke jin baƙunta a gabanta. Lalle akwai manyan gidajen abinci a Maitama da Asokoro inda ake kawo ta da cuku da madara irin ta Turawa, 'yar kaɗan a tsakiyar ƙaton faranti kamar an yi rowa, kuɗinta kuwa ya isa cefanen wani gida na kwanaki. Waɗannan ba su ne abin magana a yau ba. Maganar ta gidan unguwa ce, inda talaka mai albashi ke cin abincin darensa.

Wannan al'amari ya dami wasu dattawa ƙwarai. Suna cewa zamani ya lalace, magidanta sun zubar da girma suna ci a bakin titi, mata sun yi watsi da muciya, an kuma saki abincin gado an kama na Nasara. Ƙorafin nan bai kamata a yi masa dariya ba, domin akwai gaskiya a cikinsa. Amma kafin a yanke hukunci ya kamata a bi shi daki-daki, a ga inda laifin yake.

Taliya Ba Baƙuwa Ba Ce

Da farko dai, maganar cewa taliya abincin Nasara ne da ya shigo jiya tana bukatar gyara. An daɗe ana ba da labarin cewa Marko Folo ne ya kawo ta Italiya daga ƙasar Sin, alhali kuwa shi bai koma gida ba sai a shekarar 1295. Tun a 1154 masanin labarin ƙasa, Al-Idrisi, ya rubuta littafinsa a fadar Sarki Roja na tsibirin Sisili, ya kuma ambaci wani gari a tsibirin mai suna Tarabiya inda ake yin wani abinci na garin alkama mai kama da zare, wanda Larabawa ke kira itriya, ana loda shi a jiragen ruwa ana kai wa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Shi kansa tumatirin da ake ganin taliya ba ta tafiya sai da shi, daga nahiyar Amurka aka kawo shi Turai a ƙarni na 16, bai kuma zama abokin tafiyarta sosai ba sai a ƙarni na 19.

Game da sunanta na Hausa, akwai masu ganin daga sunan ƙasar Italiya aka samo shi, akwai kuma masu danganta shi da itriyar nan ta Larabawa. Ko wanne aka ɗauka, hanyar dai ɗaya ce, watau hanyar raƙuma wadda ta haɗa Kano da Gat da Gadamas da Turabulus shekaru aru-aru. Italiya ta kama Turabulus a 1911, har yau kuma mutanen Libiya suna da wata dafa-dukar taliya mai tumatir da barkono wadda Bahaushe ba zai yi mata kallon baƙuwa ba. Ta wannan hanya ce Larabawan da suka zauna cikin birnin Kano suka yaɗa cimar alkama iri-iri, har gurasa da alkaki suka zama abin da ake tutiya da su a birni.

A wancan zamani alkama abincin sarakuna da attajirai ce. Ana noma ta kaɗan-kaɗan a fadamu da sanyin hunturu, ana ba ta ruwa da jigo, a girbe, a niƙa a dutse. Matan Hausawa suka koyi kwaɓa garinta da ruwa da gishiri, wasu da ɗan kanwa, su zauna su yi ta murza ta da tafin hannu siriri-siriri, su shanya. Ita ce taliyar murji. Daga baya ƙaramin injin ƙarfe na hannu ya shigo, wanda ake ɗaure wa a jikin benci ana juyawa, a rataye zaren taliyar a kan igiya a tsakar gida kamar shanyar tufafi. Mata da yawa a cikin kulle da wannan sana'a suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, kuma duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina ya san daɗin taliyar Hausa da manja da yaji wadda yara ke tallarta da rana. Ashe ke nan taliya ta daɗe da zama 'yar gida. Abin da ke sabo shi ne cin ta a waje kullum, da kuma inda garinta ke fitowa.

Birnin Da Ya Raba Mutum Da Murhunsa

Maganar cin abinci a waje kuwa, gaskiya ne a al'adar Hausawa abin kunya ne a ga dattijo yana ci a kasuwa, har ma malaman fiƙihu sun lissafa shi cikin abubuwan da ke rage mutunci ga wanda ba halinsa ba ne. Amma al'adar nan ta tsiro ne a garuruwan da gona da kasuwa da rumfar sana'a duk suna kusa da gida, inda yaro kan kai wa ubansa akushi da rana, da dare kuma kowane magidanci ya fito da tuwon gidansa ƙofar gida ko zaure a yi ciyayya da maƙwabta. Ko a lokacin ma an yi wa matafiyi uzuri. Fatake in sun sauka a zango wajen masu tuwo-tuwo suke saye, ba wanda ya taɓa ce musu sun zubar da girma. Abin tambaya shi ne, ma'aikacin Abuja mazaunin gida ne, ko kuwa falke ne?

A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammed ya sanar da cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Ikko, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka kuma kafa Dokar Soja mai lamba 6 ta wannan shekara. Aka yanki ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara, mafi yawanta ƙasar Gbagyi, watau Gwarawa. Tsohon garin Abuja, wanda ya samo sunansa daga Sarki Abu Ja, ya bar wa sabon birni sunan, shi kuma ya koma Suleja. Aka zana birni a takarda, ofisoshi a tsakiya, manyan tituna masu faɗi, unguwanni kowace da lambarta. A ranar 12 ga Disamba, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya tare a cikinsa.

Amma birnin da aka zana bai ɗauki mutanen da suka zo yi masa hidima ba. Kuɗin haya a tsakiyar gari ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, ga masu gidaje suna neman kuɗin shekara guda ko biyu a dunƙule. Tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke Ministan Birnin Tarayya, an rushe gine-gine da unguwanni masu yawa waɗanda aka ce sun saɓa wa tsarin birni, an sayar da gidajen gwamnati, a 2006 kuma aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar gari. Jama'a suka yi ta matsawa baya, zuwa Nyanya da Karu da Lugbe da Kubwa da Gwagwalada, wasu har suka ƙetare iyaka zuwa Mararraba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja a Jihar Neja.

Wanda ke kwana a Mararraba yana aiki a Sakatariyar Tarayya, da ya sallame sallar Asuba sai ya fita neman mota, in ya makara kuwa cunkoson hanyar Nyanya ya cinye masa safiya. Haka kuma da yamma. Sau da yawa matarsa ma ma'aikaciya ce, malamar makaranta ko ungozoma ko mai buga takardu, ita ma wannan hanya take bi, sai bayan Lisha su haɗu a gida kowa a gajiye. To, wa zai tsaya tankaɗe da talge da tuƙi da kaɗa miya a wannan lokaci? Tuwo abinci ne mai son a ba shi yini. Taliya kuwa minti goma sun ishe ta, ba ta cin gas da yawa, ƙullinta na giram 500 kuma yana iya wata da watanni a ajiye bai lalace ba. Akwai kuma dubban ma'aikata waɗanda suka bar iyalinsu a Kano ko Kaduna ko Sakkwato saboda tsadar zama, suna zaman gwauranci na dole daga Litinin zuwa Juma'a, sa'an nan su kama hanya, ko su hau jirgin ƙasan da ya fara zirga-zirga tsakanin Idu da Rigasa a 2016. Waɗannan fatake ne sosai, gidan taliya kuwa shi ne zangonsu. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Bugu da ƙari, wanda ya zauna a irin wannan gida na sa'a guda zai gane ba yunwa kaɗai ke kawo mutane ba. A unguwar da maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, kowane gida da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, ba zaure ba dakali, teburin gidan taliya shi ne ya maye gurbin ciyayya. Nan ake jin wanda aka yi wa ƙarin girma, da wanda aka yi wa rasuwa, da inda ake neman direba, da inda ɗaki ya faɗi. Nan ne baƙon da ya sauka jiya ke samun wanda zai nuna masa gari.

Inda Laifin Yake

Duk da haka, uzurin nan bai wanke kowa ba. A cikin masu zama a teburan nan akwai wanda gidansa bai fi tafiyar minti biyar ba, ya fito da safe ya bar wa matarsa kuɗin cefanen da shi kansa ya san ba za su isa ba, yara sun kwana da gaya ko garin kwaki, shi kuwa ga shi nan ya sa an ɗora masa cinyar kaza biyu da lemon kwalba mai sanyi. In ya koma gida aka kawo masa abinci sai ya ce ba ya jin yunwa, ko ya tsaya kushe miya. Wannan shi ne wanda dattawa ke nufi, kuma sun yi gaskiya. Malamai sun karantar cewa haƙƙin iyali ne mutum ya ciyar da su daga irin abin da yake ci. Hausawa kuma sun ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Ma'aunin ke nan, kuma ba mai wuya ba ne. Mutum ya dubi farantin da ke gabansa ya tambayi kansa, shin abin da ke cikin tukunyar gidansa a wannan dare ya kai wannan? In ya kai, ya ci abinsa lafiya. In bai kai ba, ya sa a ƙulle masa ya tafi da shi a ci tare. Abin sha'awa ne ganin yadda wasu magidanta suka mayar da gidan taliya wurin kai iyali ran Asabar ko Lahadi ko lokacin Sallah, uwargida ta huta da hayaƙi na yini ɗaya, yara suna ta kokawa da cokali mai yatsu ana dariya. Kujerar ɗaya ce da wadda wancan ya zauna a kai, niyyar ce ta bambanta.

Ƙasa Ma Ta Bar Tukunyarta

Wannan ma'auni da aka auna magidanci da shi, in aka ɗora ƙasar nan a kansa, ita ma ba za ta tsira ba. A sake duban farantin. Tumatir ɗanye daga Kadawa ko Danja ya fito, albasa daga Aliero, attarugu da karas da kabeji daga lambunan Arewa, ƙwai daga gonakin kaji na kusa. Yawancin mahaɗin na gida ne. Amma uwar tafiyar, watau alkamar da aka yi taliyar da ita, a jirgin ruwa ta zo daga Amurka ko Kanada ko Rasha ko wasu ƙasashen Turai, aka sauke ta a Apapa ko Fatakwal ko Kalaba, da dala kuma aka biya. Sunan kamfanin da ke jikin ledar na Nijeriya ne, ma'aikatan da suka sarrafa ta 'yan Nijeriya ne, amma manomin da ya ci ribar guminsa yana can wata nahiya.

Tarihin wannan hali sananne ne. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, injinsa na Apapa ya fara niƙa a 1962, da alkamar waje. Da kuɗin man fetur suka shigo, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, sai burodi ya zama abin karyawar birni da ƙauye. Gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi ta gina madatsar ruwa ta Tiga da ta Bakolori, ta buɗe aikin noman rani na Kadawa da na kudancin Tafkin Chadi, da fatan a noma alkama a gida, amma abin da aka girbe bai taɓa kusantar abin da ake ci ba. A 1985 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, suka wallafa littafi a kan wannan matsala suka sa masa suna The Wheat Trap, watau tarkon alkama. A 1987 Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama ɗungum, manoman Kano da maƙwabtanta suka duƙufa, amma fulawa ta yi ta kwararowa ta ɓarauniyar hanya, a 1992 aka ɗage hanin, manoma suka koma gidan jiya. Ana cikin haka taliyar Indomie, wadda asalinta daga Indunusiya take, ta shigo a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa mata masana'anta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, har ta kai ba teburin mai shayin da ba a samunta.

Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar ta nuna cewa alkamar da aka noma a Nijeriya a 2021 ba ta kai tan 40,000 ba, alhali abin da ake shigowa da shi a shekara ya haura tan miliyan 4. Wanda ke cin abinci daga tukunyar wani kuwa, ranar da mai tukunya ya yi fushi ko ya shiga rigima, da yunwa zai kwana. An ga haka a 2022, sa'ad da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, ƙasashe biyu masu sayar wa duniya alkama mai yawa, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi warwas. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mai gidan taliya ba ta san Tekun Bahar Aswad ba, ba ta kuma taɓa riƙe dala ba, amma ita ce ta tsaya tana ba mai saye haƙuri don ta rage yawan abin da take zubawa, shi kuma yana ganin kamar rowa ta koya. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Ba a ce ƙasar nan za ta iya noma duk alkamar da take ci ba. Alkama tsiro ne mai son sanyi, a nan kuwa sanyin na 'yan watanni ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a Arewa mai nisa, sai kuma da ban ruwa. In aka makara da shuka, zafin Maris ya riske ta tana fitar da kai, sai ta yi tsamurmuri. Har ila yau taliya ta ƙwarai da wata irin alkama mai tauri ake yinta, wadda ake kira durum, har Italiya ta kafa doka a 1967 cewa da ita za a riƙa yin busasshiyar taliya a ƙasarta. To, amma an gwada ire-iren wannan alkama masu jure zafi a kwarin Kogin Sanagal sun kuma yi, ƙasar da zafinta bai gaza na Haɗeja ba. Akwai Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri wadda aka ɗora wa alhakin binciken alkama, akwai kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. A ƙarshen 2023 an ƙaddamar da wani shirin noman alkama na rani a Jihar Jigawa da taimakon Bankin Raya Ƙasashen Afirka. Ilimi da ƙasa da ruwa duk akwai. Abin da aka daɗe ana rasawa shi ne ɗorewa, domin kowace gwamnati takan zo da nata shiri da sabon suna, ta tafi da abinta.

Abin Da Ya Kamata

Saboda haka ba a bukatar a yi wa gidan taliya tofin Allah tsine, gyara ake bukata, kowa ta nasa gefen. Gwamnati ta tabbata iri da taki sun isa hannun manomi kafin tsakiyar Nuwamba, ba bayan sanyi ya wuce ba, a kuma ɗaure masu injinan fulawa su sayi abin da aka noma bisa farashin da aka yi alkawari tun kafin shuka. Masana su ƙara himma wajen gauraya garin alkama da na dawa, tun da ƙasar nan tana cikin manyan masu noman dawa a duniya, ko kashi ɗaya cikin goma aka rage daga abin da ake sayowa, kuɗi ne masu yawa suka tsaya a gida. Hukumomin Birnin Tarayya kuma su tuna cewa waɗannan mata suna ciyar da ma'aikatan da ke riƙe da ofisoshinsu, ya fi kyau a keɓe musu wurare masu ruwa da magudana, a riƙa duba tsabtarsu, maimakon a bar su kullum cikin fargabar ranar da za a zo a kwashe musu kujeru.

Su kuma masu gidajen, amana ce a hannunsu. Man da aka soya kaza da shi har ya yi baƙi a zubar da shi, a rage gishiri da dunƙule, a yawaita ganye da wake, domin mutumin da ke cin abincin wuri ɗaya dare biyar a mako lafiyarsa tana hannun mai dafawa. Ba kuma abin kunya ba ne a ajiye taliyar murji ko ta inji kusa da ta kamfani, wadda matan Kura ko Haɗeja suka yi da alkamar gonarsu. Da wuya a rasa masu saye, don da yawa daga cikin masu manyan rigunan nan da ita suka girma, kuma suna kewarta. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Magidanci kuwa, in ya tashi biyan kuɗi, ko da takarda ko ta wayar hannu, ya tuna da waɗanda ke jiran motsin ƙofa a Nyanya ko Madalla, ya ce wa Hajiya ta ƙulla masa na yara. Allah Ya ba manoma damina da rani masu albarka, Ya kuma sa shugabanni su gane cewa ƙasa ma gida ce, tana da tukunyar da ya wajaba a kula da ita.